Rabin Katin Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin kan dutse? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta ɗan yi sauƙi tun da aka canja mata magani, sai dai in za ta tashi har yanzu sai an ba ta hannu. Maigidana yana gaishe ka. 'Yata kuma, wato 'yarka, ta fara tafiya, tana bin bango tana ɓarna.

Abin dariya, kai da kake kafa wa duniya turakun waya, ba a samun ka a waya. Sai da na bi Dogo, direban motar da ke kai muku kayan abinci, ina roƙonsa ya karɓi takarda kamar zamanin kakanninmu. To ka karanta da kyau, don ba zumunci kaɗai ya sa na ɗauki biro ba.

Maigadi ya mutu. Ina nufin ƙaramin akwatin ƙarfen nan da ka haɗa mana a asibiti kafin ka tafi, wanda ka ce shi ne katanga tsakanin kwamfutocinmu da intanet. Da safe na shiga ɗakin ajiyar magani, na ɗaga kai kan kanta, na ga fitilarsa ja maimakon kore. Na zare waya na mayar, na hura masa iska, har ɗan duka na yi masa a gefe. Ko gezau. Ba batirin sola ba ne, don firjin allurai yana aiki.

Likita ya ce ba zai yarda a jona kwamfutocin kai tsaye ba, bayanan marasa lafiya ne a ciki, kuma gaskiyarsa. Yanzu duk gwajin da muka yi sai an ɗauka a hannu an kai babban asibiti, a jira amsa, a dawo da ita. Akwai masu ciki da suke zuwa su koma, su sake zuwa su koma. Duk wanda ya wuce ni kuma sai ya ce, "Sista, ya labarin akwatin ƙaninki?" Ni na tsaya maka lokacin da Likita yake so a sayi babbar na'ura mai fanka. Na ce ƙanina ya ce wannan ba ya shan wuta, ko ƙwan fitila ya fi shi ci. Yanzu ka bar ni da jin kunya.

Inna tana tambayarka. Har yanzu in kewar Baba, Allah ya jiƙansa, ta taso mata, takan ciro kyamararsa daga jaka, ta zauna bakin taga tana danna kibiya, tana kallon hotunan da ya ɗauka a gida bayan ya bar sana'ar hoto ya rufe shago. Ba kullum ba, amma in ta fara, har shayinta ya huce ba ta sani ba. Na ce mata in ka dawo za mu wanke mata su a takarda. Ta ce ita a nan ta fi son su, inda hannunsa ya bar su.

Ka rubuto mini abin da zan yi, dalla-dalla, ba da yarenku na injiniyoyi ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni a ƙarƙashin buhun albasa, na karanta ina hawaye, amma ba na tausayi ba. Lafiyata ƙalau, sai leɓena da sanyi ya tsattsaga. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce mata ina cin abinci, kar ta saurari Dogo. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan 'yata.

Da farko ki daina dukan Maigadi, ba jaki ba ne. Bai mutu ba, katinsa ne ya gaji. Ba shi da faifan ajiya mai juyawa irin na kwamfuta, shi ya sa ba ya zafi, ba ya shan wuta. Duk manhajarsa a kan kati ɗaya take, kati kuma yana tsufa kamar takalmi.

Ki zare masa wuta, ki kwance kusoshin da ke ƙasansa da ƙaramin sukundireba. A cikin murfin za ki ga wani kati na manne shi da salatif, an rubuta giga biyu a jikinsa. A durowar teburin Likita kuma akwai shuɗin filashi da 'yar na'urar da ake zura kati a jona da kwamfuta. A kan filashin na bar kunshin manhajar, da duk saitin asibitinku a ciki, da abin da zai rubuta ta a kan kati. Ki zura katin, ki buɗe, ki zaɓi kunshin, ki danna. In ya gama, ki cire tsohon katin daga cikin Maigadi, ki sa wannan. Shi ke nan.

Ga inda matsala take iya fitowa. Kunshin giga biyu ne cif, kuma shi kaɗai na bar miki. Katunan nan kuwa ba su da gaskiya. A rubuta biyu a jiki, a ciki ya gaza da ɗan kaɗan, kamar gwangwanin awo da aka lotsa gindinsa. In kwamfuta ta ce kati ya yi kaɗan, kar ki matsa masa. Ki nemi mai giga huɗu, ki rubuta wannan kunshin a kai. Rabin katin kawai zai ci, ragowar rabin ko taɓa shi ba zai yi ba.

Irin tsohon katin nan ne mai faɗi, mai ƙananan ramuka a gefe ɗaya, ba irin na waya ba. Ki tambayi masu gyaran kyamara a kasuwa, su ne za su iya ajiye shi.

Ki gaya wa Likita ya kwantar da hankalinsa. Ke da kike samun jijiya a hannun jariri, kusa ce za ta gagare ki?

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata leɓen ya warke, ka riƙa shafa mai. Inna lafiya, jiya har ƙofar gida ta taka da kanta. Kowa yana gaishe ka.

Albishirinka! Maigadi ya tashi, fitila ta koma kore. Daga yau ka riƙa ce mini Injiniya.

Amma na sha wuya. Katin da ka manne a murfi ya ƙi, kamar yadda ka faɗa, wai ya yi kaɗan. Na ce ji maƙaryaci, ga biyu a rubuce a goshinsa! Na shiga kasuwa, layin masu waya gaba ɗaya na zaga, kowa dariya yake mini. Wani ya juya tsohon katin a hannu ya ce, "Hajiya, wannan biskit ne?" Mai gyaran kyamara ɗaya na samu, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun kafin gashinsa ya zube. Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, ga shi na bar benci cike da mutane.

Ina cire takalmi sai idona ya sauka kan jakar kyamarar Baba a rataye bayan ƙofar Inna. Na tuna yadda yake buɗe wata 'yar ƙofa a gefenta ya zaro abu mai faɗi. Inna tana wanka. Na buɗe, na danna, sai ga shi ya fito: irinsa sak, giga huɗu, har da alamar babban yatsan Baba inda rubutun ya goge.

Na tsaya na yi tunani, kar ka ce ban yi ba. Na sake ɗauko takardarka na karanta. Ka ce rabin katin kawai zai ci, ragowar ba zai taɓa ba. Na koma asibiti na jona katin da kwamfuta na duba, hotunan Baba ko kwatan katin ba su cika ba. Na ce to ai fili ya ishe su, manhaja ta zauna a nata rabin, hotuna su zauna a nasu. Na rubuta, na sa, na ɗaure kusoshi, sai ga kore. Likita har tafi ya yi mini. A ranar aka turo amsar gwajin wata mata da aka daɗe ana jira, aka fara mata magani.

Aro na yi, ba sata ba. Ka nemo mini wani katin a wajenku ka ba Dogo, in mayar da na Baba wurinsa. Ban gaya wa Inna ba, ka san ta da kayansa, ba za ta yarda ba. Kwanan nan hankalinta yana kan jikarta, ba ta taɓa jakar ba. Kafin ta waiwaya na mayar.

Yayarka, Injiniya.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata Inna da kowa lafiya. Ni lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, ruwa ya cinye hanyar da ke hawowa nan, Dogo ya daɗe bai zo ba. Takardarki tana can ƙasa tana jira, ni ina nan ina cewa kin yi shiru ne don komai ya daidaita. Da na karanta ta, sai da na zauna a kan buhu.

Yaya, ki karanta wannan a tsanake, ba a gaban Inna ba.

Kati ba gida ba ne mai ɗaki biyu da za a sauke baƙo a wanda babu kowa. Abin da ya rubuta manhajar ba ya neman wurin da ba komai. Daga farkon kati yake farawa, ya bi ta kan duk abin da ya tarar, har ya kai rabi. Kyamara ita ma daga farkon kati take fara jera hotuna. Kin ce ko kwata ba su cika ba. To duk suna gaba ke nan, daidai inda manhajar ta kwanta.

Ni na ja miki. Na rubuta miki kusoshi, na rubuta salatif, har wasa na yi da albasa, amma ban rubuta kalma ɗaya da ta fi komai muhimmanci ba: duk abin da ke kan katin zai tafi. Mu nan abin a jininmu yake, ba ma faɗa wa juna, kamar yadda ba kya gaya wa abokiyar aikinki a wanke hannu. Kuma na san kyamarar Baba irin katin take ci. Ni na san haka fiye da kowa. Wallahi lokacin da nake rubuta "masu gyaran kyamara" sai da ta faɗo mini a rai, na ce Yaya ba za ta taɓa wannan ba, na wuce. Layi ɗaya da na ƙara da ba mu zo nan ba.

Ga abin da ya rage. Rabin baya yana nan yadda yake, don Maigadi karanta kati yake yi, da wuya ya rubuta, kuma can ba ya zuwa. Wataƙila akwai abin da ya saura a wurin. Ban yi miki alkawari ba.

Na roƙi abokin aikina wani kati mai giga huɗu, yana cikin ambulan ɗin nan, babu komai a kansa, na duba da idona. Ki rubuta kunshin a kai ki sa wa Maigadi. Na Baba kuma, don Allah kar ki mayar da shi cikin kyamara. Za ta ce ba ta gane shi ba, ta nemi a share shi, in aka danna shi ke nan. Ki naɗe shi ki ba Dogo hannu da hannu.

Ki gafarce ni.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, amma ba ta cin abinci sosai, ban san dalili ba.

Da na gama karanta takardarka na shiga banɗakin asibiti na kulle, na zage ka tas. Na ce yaron nan da ni na goya shi, ya iya surutu kamar rediyo, amma abin da ya kamata ya faɗa ya haɗiye. Na rubuta maka shafi guda na faɗa. Na yaga.

Na yaga ne don ƙarya zan yi in na ɗora maka duka. Kafin abin ya fara rubutu, wani akwati ya fito a fuskar kwamfuta da jan rubutu, yana cewa duk abin da ke kan katin zai goge, in na yarda in danna. Na karanta, Auta. Na iya karatu. Hannuna yana kan linzamin kwamfuta. Sai na ce wa kaina ai rabin yake nufi, ai Auta ya faɗa. Ba don na gamsu ba, don ina jin tarin mutane daga benci ne, kuma na gaji da "ya labarin akwatin ƙaninki". Na danna. Ban ma yi tunanin kwafe hotunan a kwamfutar da ke gabana ba, abin da ko shan ruwa ya fi shi daɗewa.

Kuma kai ba ka shiga ɗakin Inna tana wanka ba. Ni na shiga.

Na sa sabon katin, Maigadi yana aiki. A da ina shiga ɗakin magani in ga fitilar kore in ji daɗi. Yanzu kaina a ƙasa nake ɗauko abin da zan ɗauko in fita.

Katin Baba yana cikin kwalbar magani, na cusa auduga sama da ƙasa. Na gaya wa Dogo in ya yar da shi kar ya dawo garin nan. Ka yi duk abin da za ka iya. Wanda Baba ya ɗauki Inna tana ɗinki ba ta sani ba, da wanda yake na ranar da aka kawo 'yarka gida daga asibiti, ko su biyun ne ka samo mini.

Kar ka ambaci komai a gaisuwar da nake karanta wa Inna. In ka samo su, mu mayar, ba sai ta taɓa sani ba.

Yayarka.

*

Auta,

Salamu alaikum. Dogo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ya ce ya ba ka kwalbar a hannunka, amma ba ka ba shi komai ba. In fushi kake da ni, ka yi, na cancanta. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne, don abin da zan gaya maka ya fi ƙarfina ni kaɗai.

Na gano abin da ya hana Inna cin abinci.

Da yamma ina shafa mata magani a gwiwa, tana kallon taga. Sai ta ce, "Uwata, zan gaya miki wata magana, kar ki gaya wa Auta." Ka san ba ta ce mini Uwata sai magana ta yi nauyi. Ta ce tun kwanaki ta ɗauko kyamara ta kunna, gilashin ya fito baƙi da wani ɗan rubutu. Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna. Ta ce ranar ƙarshe da ta kalla, jikarta ta ja mata hannu, yatsanta ya zame kan wani maɓalli da Baba ya taɓa ce mata kar ta danna. Ta ce, "Ni na goge su. Mutumin nan ya bar mana abu ɗaya, na lalata da hannuna. Na rasa da wane baki zan gaya muku. Ki yafe mini, ke ma hotunan 'yarki ne."

Auta, ta riƙe hannuna tana neman gafarata. Hannun da ya zare katin.

Ka san abin da na ce? Na ce, "Ba komai, Inna, Allah ya ƙaddara." Na ci gaba da shafa magani. Har ta ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin. Na fita tsakar gida na tsaya wajen famfo, na kunna ruwa don kar ta ji ni.

Maigidana ya ce in je in faɗa mata yanzu-yanzu. Na ce in jira ka, in shiga da wani abu a hannu. Ya ce wannan don kaina nake yi, ba don ita ba. Na yi masa tsawa, don ya faɗi gaskiya.

Ta rame. Zoben hannunta har juyawa yake. Me ka samu?

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ba fushi nake ba, ta ina zan fara fushi da ke? Sai da na nemi izini na sauka gari, inda akwai wuta tsayayya da kwamfutar da za ta iya aikin. Na gama tun zuwan Dogo na baya. Ina riƙe da biro har ya tayar da mota, na kasa rubutawa. Da na san abin da Inna take ɗauke da shi, da ban ƙara mata ko kwana ɗaya ba.

Hotunan gida sun tafi, Yaya. Na ɗinkin, da na 'yata, da duk sauran. Na bi rabin gaba lungu-lungu, babu komai sai manhaja. Babu wanda zai iya dawo da su, kar ki bari wani a kasuwa ya ce miki zai iya.

A rabin baya na samu wasu. Lokacin da Baba yake da shago, katin yakan cika har ƙarshe, ya goge ya sake farawa. Abin da kyamara ta goge ba ya tafiya nan take, yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa. To tsofaffin da ya goge ne suka fito. Kusan duka hotunan fasfo ne. Mutanen da ba mu sani ba, a gaban farin ƙyallen nan na shago, kowa ya ɗaure fuska, kunnuwa a waje. Na zauna ina wuce fuskokin baƙi ɗaya bayan ɗaya, ina jin kamar in fasa kwamfutar.

Can kusa da ƙarshe sai ga Baba.

Kin taɓa ganin hoton Baba, ban da na katin shaida? Ni ban taɓa ba. Kullum shi ne a bayan kyamara. Wannan a cikin shago ne, a karkace, ya ɗan yi hazo, an yanke saman hularsa. Ya miƙo hannu wajen mai ɗauka, bakinsa a buɗe yana magana, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Ban san wanda ya ɗauka ba. Ba gwani ba ne dai.

Na share katin yadda kyamara za ta karɓe shi, bayan na kwafe komai wuri biyu. Na mayar da wannan hoton shi kaɗai a kai. Yana cikin kwalbarki, da wanda na wanke a takarda.

Ba fansa ba ce, kar mu ruɗi kanmu. Ki gaya mata kafin ki nuna mata, kar hoton ya zama abin rufe baki. Kuma ki ce mu biyu ne. Ki karanta mata wannan layin da bakinki: Inna, ni ne na san katin, ni ne ban faɗa ba.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna ta ci abinci yau, ba da yawa ba, amma ta ci.

Na gaya mata. Da safe, bayan maigida ya fita da 'yarka, na durƙusa gabanta na faɗa tun daga kasuwa har jan rubutun. Na karanta mata layinka. Kwalbar tana aljihuna, ban fito da ita ba sai da na gama.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tambaye ni abu ɗaya: "Ranar da na riƙe hannunki, kin sani?" Na ce na sani. Ta ce, "Hotuna kuskure ne, kowa yana yi, kuma marasa lafiya kika duba. Amma kin bar ni ina roƙonki gafara, har kika ce amin." Ta juya fuskarta wajen taga. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zauna a wurin har ƙafafuna suka mutu, ba ta ce in tashi ba.

Daga baya na ɗauko kyamarar, na sa katin a gabanta, na kunna na ajiye a cinyarta. Ta daɗe ba ta duba ba. Da ta duba, sai ta kai gilashin kusa da idonta, ta ce, "La ilaha illallahu."

Ita ta ɗauka, Auta. Ta ce wata rana ta kai masa abinci shago, babu kowa, ta ɗauki kyamarar da wasa ta ce yau shi ma sai ya tsaya. Yana ce mata, "Riƙe da hannu biyu, za ki yar mini da jari!" ta danna. Ya duba ya ce ya yi hazo, zai goge. Ta ce in ya goge ba ita ba shi. Ya rantse mata ya ajiye shi a wani wuri, zai wanke mata. Ta yi ta jira har ta daina tambaya.

Ta ce, "Ashe gogewa ya yi, ya yi shiru." Ta yi dariya, hawaye yana zuba. Ta dube ni ta ce, "Gado kuka yi, ku duka."

Ban sani ba ko ta yafe mini. Ta ce in gaya maka ka riƙa shafa mai a leɓe. Na takardar ta ba ni, ta ce in ajiye wa 'yarka, ita na cikin kyamara ya ishe ta.

Yanzu da nake rubutu tana bakin taga. Har yanzu tana danna kibiya kamar da, yatsanta ya saba. Ta danna, Baba ya fito. Ta sake dannawa, don a da na ɗinkin ne yake biyowa, sai Baba ya sake fitowa, yana miƙo mata hannu. Ina jin ƙarar maɓallin daga nan. Shayinta ya huce, zan je in ɗumama mata.

Yayarka.